Yadda Ake Karanta Sunayen Tausa da Wankan Gyaran Jiki Kafin a Zaɓa

Abu na farko da ake miƙa wa wanda ya shiga gidan tausa na zamani, a otal ne ko a cibiyar motsa jiki, shi ne takarda mai ɗauke da jerin sunaye, wasu daga Faransanci, wasu daga Japananci ko harsunan Indiya, wasu kuma masu gidan ne suka ƙirƙiro su domin su yi daɗin ji a kunne. Mutane da yawa suna zaɓar sunan da ya fi burge su, su kwanta ba tare da sanin abin da za a yi wa jikinsu ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba sunayen gida biyu. Akwai waɗanda ke bayyana aikin da za a yi, wato yadda hannu zai motsa, ƙarfin dannawa, yawan zafi da abin da za a shafa wa fata. Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar alkawarin sakamako, kamar wanke guba daga jiki ko narkar da kitse. Na farkon su ne abin dogaro wajen zaɓe, na biyun kuwa sai an yi musu tambaya kafin a yarda da su.

Motsin hannu biyar da kusan kowace tausa ta ginu a kansu

Sunan da ya fi yawa a jerin shi ne tausar Suwidin, wadda a ƙasashen Turai da dama ake kira tausar asali. Ana danganta ta da Per Henrik Ling, wanda ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a birnin Stockholm a 1813, amma sunayen Faransanci na motsin hannunta da ake amfani da su a yau sun yaɗu ne ta hannun Johann Georg Mezger, wani likita ɗan ƙasar Holan da ya rayu daga 1838 zuwa 1909. Wanda ya san waɗannan motsi biyar ya san rabin abin da ke cikin takardar, domin yawancin sauran nau'o'in tausar mai sauya ƙarfi da saurin waɗannan motsin kawai suke yi.

Na farko shi ne ifiluraj, wato doguwar shafa da tafin hannu a kan fatar da aka shafa wa mai. Da ita ake buɗe tausa, da ita ake rufewa, kuma a hannu da ƙafa ana yin ta ne daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya, domin ta bi hanyar da jini ke komawa a cikin jijiyoyi. Amfaninta ya wuce baza mai kawai: a lokacin ne mai tausa ke jin inda tsoka ta ƙage da inda mutum ke zabura idan an taɓa shi. Mai tausar da ya tsallake wannan mataki ya afka wa tsoka kai tsaye da gwiwar hannu bai ƙware ba, ko kuma sauri yake yi.

Na biyu shi ne fetirisaj, wato kama tsoka a ɗaga ta, a matsa, a murɗa, a saki, kamar yadda magini ke cuɗa yumɓu. Ana yin sa a inda nama yake da kauri, irin su kafaɗa, cinya da sharaɓa, kuma shi ne abin da yawancin mutane ke nufi idan suka ce a matsa musu jiki. Na uku shi ne murza, inda ake kafa babban yatsa ko kan yatsu a wuri guda, a riƙa zagayawa ko a riƙa gittawa a kan zaren tsoka ba tare da yatsan ya zame a kan fata ba. Wannan ya fi zafi, kuma ba a daɗewa a kansa. Na huɗu shi ne tafotiman, bugu mai sauri da gefen hannu, ko da tafin da aka dunƙule kamar ƙoƙo, ko da kan yatsu. Yana wartsakar da jiki, ba ya sa barci, kuma ba a yin sa a kan ƙashin baya ko a saitin ƙoda. Na biyar shi ne girgizawa, wadda bayaninta bai wuce sunanta ba.

Idan mutum bai taɓa yin tausa ba, ko gajiya ce kawai da rashin barci ke damunsa, tausar Suwidin ta minti 60 ita ce mafari mai kyau. Minti 30 ba ya isar jiki duka, don haka idan shi aka zaɓa, gara a ce a tsaya a kan baya, wuya da kafaɗu.

Sunayen da ke magana a kan ƙarfin dannawa

Tausa mai zurfi ita ce wadda ake yi a hankali da damtse, gwiwar hannu ko gaɓoɓin yatsu domin a kai ga tsokokin da ke can ciki da kuma tantanin da ya lulluɓe su, wanda masana ke kira fashiya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗauka cewa yawan zafi shi ne yawan amfani. Idan dannawa ta kai mutum ga riƙe numfashi ko cije haƙora, tsokar za ta ƙara ƙagewa domin ta kare kanta, aikin kuma ya koma baya. Masu tausa da yawa suna amfani da ma'aunin 1 zuwa 10, inda 10 ke nufin zafin da ba ya jurewa, kuma abin da ake so shi ne kada a wuce 6 ko 7. Ya kamata a amince da wannan ma'auni tun kafin a fara, domin faɗin lamba ya fi sauƙi ga mai kunya a kan ya ce ana ji masa ciwo.

Kusa da wannan akwai tausar kulli, wadda ke neman ƙananan wurare masu tauri a cikin tsoka waɗanda idan an danna su sai a ji zafin ya harba zuwa wani wuri dabam, misali kulli a saman kafaɗa ya aika ciwo zuwa gefen kai. Likitar da ta shahara da wannan bincike ita ce Janet Travell, wadda ta kasance likitar shugaban Amurka John F. Kennedy, kuma ita da David Simons suka wallafa babban littafinsu a kan batun a 1983. Har yanzu masana suna muhawara a kan ainihin abin da kullin yake, amma yadda ake yin aikin a fili yake: a danna wurin a riƙe na wasu daƙiƙu har zafin ya fara lafawa, sannan a miƙar da tsokar.

Tausar 'yan wasa ba wata dabara ce ta daban ba, lokaci ne ke bambanta ta. Kafin wasa takan zama gajeriya mai sauri domin a ɗumama jiki, bayan wasa kuma a hankali domin rage tsamin jikin da ke tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku.

A can ɗaya ɓangaren akwai tausar limfa, wadda ita ce mafi sauƙin taɓawa a cikinsu duka, kuma ita ce ta fi ba mutane mamaki, domin wanda ya zo yana jiran a matse shi sai ya ji ana ɗan jan fatarsa a hankali. Dalili shi ne hanyoyin ruwan limfa, wato ruwan cikin naman jiki da ke bi ta kaluluwa ya koma jini, suna kwance ne dab da ƙarƙashin fata, kuma dannawa da ƙarfi toshe su take yi. Emil Vodder da matarsa Estrid, 'yan ƙasar Danmak, su ne suka tsara ta a Faransa, suka gabatar da ita a Paris a 1936. Inda take da gurbi na gaske shi ne a asibiti, wajen kula da kumburin hannu ko ƙafa bayan an cire kaluluwa a tiyatar sankara, kuma a can ana haɗa ta da ɗaurin bandeji na musamman. Mai irin wannan kumburi ya nemi wanda aka horar domin wannan aiki, ba duk wanda ya rubuta sunan a takardarsa ba.

Waɗanda suka zo daga Asiya

Abin da ya kamata a fara tambaya a kan waɗannan shi ne ko da tufafi ake yi ko da mai. Tausar Tailan, wadda UNESCO ta saka a jerin al'adun gado na duniya a 2019, ana yin ta ne a kan katifa a ƙasa, mutum yana sanye da tufafi masu walwala, babu mai. Mai tausar yana amfani da hannu, gwiwa da ƙafa, yana lanƙwasa gaɓoɓi yana miƙar da su, saboda haka ba ta dace da mai zamewar faifan ƙashin baya ko wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu ba sai da izinin likita. Makarantar da ta fi suna a kanta tana haikalin Wat Pho a birnin Bankok. Shiyatsu ta Japan ma da tufafi ake yin ta, dannawa ce da babban yatsa da tafin hannu a wurare jere da juna, kuma Tokujiro Namikoshi ne ya buɗe makarantarta a Tokyo a 1940. Tuwina ta Sin tana kama da ita, sai dai ta fi yawan murzawa da mirginawa. Abiyanga ta Indiya kuwa akasinsu ce, mai ɗumi ake kwarara wa jiki da yawa, shirodara kuma ita ce zubo man a hankali a kan goshi ba yankewa.

Rifileksoloji tana buƙatar ɗan tsayawa. Dannawa ce a tafin ƙafa bisa wata taswira da ke cewa kowane yanki na ƙafa yana da alaƙa da wani sashe na cikin jiki, kamar hanta ko huhu. Duk da ana yawan jingina ta ga tsohon ilimin Gabas, sigar da ake yi a yau ta fito ne daga Amurka, daga aikin likita William Fitzgerald da kuma Eunice Ingham, wadda ta zana taswirar a shekarun 1930. Bincike bai tabbatar da wannan alaƙa ba. A matsayin tausar ƙafa tana da daɗi ƙwarai ga wanda ya wuni a tsaye, amma idan mai yin ta ya ce ya gano ciwon ƙoda ta tafin ƙafa, ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Ƙaho ma ya shiga waɗannan takardu, musamman tun da aka ga tambarinsa a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016. A tambaya ko busasshe ne, wanda kofi ke zuƙar fata kawai ya bar kwanciyar jini ta 'yan kwanaki, ko kuma mai tsaga ne. Mai tsaga yana buƙatar sabuwar reza da kayan da ba a yi wa wani amfani da su ba, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini.

Zafi, tururi da ruwa

Sunan Spa da ake kiran waɗannan gidaje da shi sunan wani gari ne a ƙasar Beljiyam da ya shahara da maɓuɓɓugan ruwa masu ma'adinai. A wannan sashe lambobi sun fi sunaye amfani, domin bambancin ɗaki da ɗaki na zafi ne da laima.

Sauna, irin ta ƙasar Finlan, ɗakin katako ne mai busasshen zafi da ke kaiwa digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, inda ake watsa ɗan ruwa a kan duwatsu masu zafi lokaci zuwa lokaci. Ɗakin sirace bai kai haka ba, yana tsayawa ne a tsakanin digiri 40 zuwa 45, amma iskarsa cike take da tururi. Mutane da yawa suna mamakin yadda ɗakin sirace ke gajiyar da su da wuri alhali lambarsa ƙarama ce. Dalilin shi ne jiki yana sanyaya kansa ne ta bushewar gumi, kuma a iskar da ta ƙoshi da laima gumi ba ya bushewa. Sauna mai fitilar infared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, tana ɗumama fata kai tsaye, zafin ɗakinta kuma yakan tsaya a kan digiri 45 zuwa 60. Ga sabon shiga, minti 5 zuwa 10 ya isa a kowanne daga cikinsu, wanda ya saba ma kada ya wuce minti 20 a zama ɗaya. A sha ruwa kafin a shiga, a tashi a hankali idan za a fita, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini ya saukar da matsin jini, kuma da zarar an ji jiri ko tashin zuciya a fito. Shiga bayan shan barasa haɗari ne da ya sha kashe mutane.

Hamam shi ne wankan tururi na Turkiyya da Maroko, inda bayan jiki ya yi laushi ake goge shi da safar hannu mai kaushi, sannan a wanke da kumfa ko baƙin sabulu. Kwamin ruwan ɗumi mai tsartuwa, wanda ake kira Jacuzzi da sunan kamfanin da ya shahara da shi, bai kamata ruwansa ya wuce digiri 40 ba, kuma tsaftarsa ta fi komai muhimmanci: ruwan ɗumin da ba a kula da shi ba matattarar ƙwayoyin cuta ne, don haka idan ya yi duhu ko yana wari a haƙura.

Sauran sunayen wannan sashe ba su da wuyar ganewa. Haidiroterafi jiyya ce da ruwa, musamman sauya zafi da sanyi, wadda limamin kiristan nan na Jamus, Sebastian Kneipp, ya yaɗa a ƙarni na 19. Balniyoterafi wanka ne a ruwan ma'adinai, talasoterafi kuma da ruwan teku da ciyawarsa. Shawar Vichy jerin famfuna ne da ke zubo ruwa a kan mutum yana kwance. Kwamin shawagi shi ne wanda aka narka gishirin Epsom mai yawa a cikin ruwansa har mutum ya riƙa yawo a samansa, a ɗumi kusan na fatar jiki, cikin duhu da shiru. Mai tsoron rufaffen wuri ya nemi a bar murfin a buɗe.

Tausar duwatsu masu zafi ana yin ta da baƙaƙen duwatsun aman wuta masu santsi waɗanda aka ɗumama a ruwa zuwa kusan digiri 50 ko 55. Ba a ajiye dutsen a kan tsurar fata a bar shi, sai da tawul a tsakani ko kuma yana tafiya a hannun mai tausa. Mai ciwon sukari wanda ƙafafunsa suka rage jin taɓi ya guje ta, domin zai iya ƙonewa bai sani ba.

Abin da ake shafa wa fata

Aromaterafi tausa ce da tataccen man ƙamshi na tsirrai, irin su labanda, na'ana'a da turare, kuma wani masanin sinadarai na Faransa, René-Maurice Gattefossé, ne ya yaɗa sunan a littafinsa na 1937. Waɗannan mayuka suna da ƙarfi sosai, ba a shafa su tsura. Ana surka su ne a cikin wani mai mara ƙamshi, kamar man almon, man kwakwa ko man jojoba, a kan kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Tambayoyi biyu ake yi a nan: wane mai ne na surkin, domin wanda jikinsa ba ya jituwa da almon da danginsa ya sani, sannan ko akwai man bawon lemo irin su bagamot, wanda ke sa fata ta ƙone idan aka shiga rana bayan an shafa shi. Mai asma kuma ya shinshina man tukuna kafin a buɗe shi a rufaffen ɗaki.

Gogar jiki ita ce cire matacciyar fata da gishiri ko sukari a cikin mai, kuma ba a yin ta a ranar da aka yi aski ko a kan fatar da rana ta ƙona. Naɗin jiki shi ne a shafa laka, yumɓu ko ciyawar teku, a naɗe mutum da leda da bargo na kusan minti 20 zuwa 30. Fata tana yin laushi bayansa, wannan gaskiya ne. Amma raguwar faɗin ƙugu da ake aunawa bayan an kwance, ruwa ne ya fita da matsi, kuma yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace cika takardun nan, wato ditoks, alkawarin wanke guba daga jiki. Aikin tace abin da jiki ba ya buƙata na hanta ne da ƙoda, gumi kuwa kusan duka ruwa ne da ɗan gishiri. Haka nan maganar cewa tausa tana fitar da sinadarin laktik, wanda ke taruwa lokacin motsa jiki, daga tsoka ba ta da tushe, domin jiki yana sarrafa shi da kansa cikin kusan sa'a ɗaya bayan an daina motsa jiki. A ganina bai kamata wannan ya rage wa tausa daraja ba, tun da tana da amfanin da ya tabbata: tana kwantar da hankali, tana sassauta tsoka, kuma a 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta saka ta, tare da gashi da abu mai ɗumi, cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga sabon ciwon ƙasan baya kafin a koma ga magani. Sauƙin da take kawowa yawanci na ɗan lokaci ne, kuma gidan da ya faɗi haka tun farko ya fi cancantar a koma masa.

Fom, mayafi da abubuwan hani

Gida mai tsari zai ba mutum fom ya cike kafin a taɓa shi, kuma kalmar da ta fi muhimmanci a cikinsa ita ce abin hani, wato yanayin da ke sa a fasa tausa gaba ɗaya ko a kauce wa wani sashe na jiki. Mafi haɗari shi ne daskarewar jini a jijiyar cikin ƙafa. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ja, musamman bayan doguwar tafiya a zaune, tiyata ko haihuwa, ba a tausa ta ko kaɗan, domin gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Zazzaɓi, ciwon fata mai yaɗuwa, buɗaɗɗen rauni, sabon targaɗe da karaya duk suna hana tausa, ko dai baki ɗaya ko a wurin da abin ya shafa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin da mai raunin ƙashi na tsufa su tsaya a kan tausa mai sauƙi. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba ya tambayi likitansa kafin ya shiga sauna. Mai juna biyu ana kwantar da ita ne a gefe da matasai a ƙarƙashin ciki da tsakanin gwiwoyi, kuma ta nisanci sauna da kwamin ruwan zafi. Ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan saboda kunya ko gudun a ce a dawo wani lokaci, mai ɓoyewar yake cutarwa.

Lulluɓi shi ne ƙa'idar rufe jiki duka da mayafi ko babban tawul, a buɗe sashen da ake aiki a kansa kaɗai, a mayar da rufin kafin a koma wani. Mutum yana da ikon ya bar tufafin da yake so a jikinsa, ya zaɓi namiji ko mace tun lokacin da yake kama gurbi, ya ambaci wuraren da ba ya so a taɓa, ya kuma dakatar da aikin a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. Ya dace kuma a tambayi horon da mai tausar ya samu, domin ƙa'idar lasisi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma mai tausa daban yake da ma'aikacin fisiyo na asibiti, wanda aka horar ya duba rauni ya tsara jiyya.

Bayan tausa mai zurfi, ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, kuma wankan ruwan ɗumi da ɗan tattaki suna rage shi. Abin da ke buƙatar zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba shi ne mutuwar hannu ko ƙafa da ta ƙi wucewa, ciwon kai mai tsanani ko jiri bayan an yi aiki a wuya, fitsarin da ya koma baƙi-baƙi, ciwon ƙirji ko ƙarancin numfashi.